Maƙwabtan Aro a Titin Alder

Mamana tana da wata doka da ta hana mu sayen gida har wata biyar. Kafin ta yarda da kowace unguwa, sai mun je ranar Asabar da hantsi, mun ajiye mota a bakin titi, mun zauna a ciki awa ɗaya cur muna kallon masu wucewa. Idan a cikin awar nan ba ta ga baƙar fata biyar ba, magana ta ƙare. Kuma ba kowa take ƙirgawa ba. Mai raba wasiƙu ba ya ciki, mai yankan ciyawa ba ya ciki, matar da ta zo da bokiti da tsumman goge-goge a bayan mota ba ta ciki. Sai wanda ya fito da silifas yana tafiya irin ta mai gida.

"Charisse, wannan ai ba neman gida ba ne, farauta ce," in ji Babana, kusan kowace Asabar.

"To ka yi shiru kada ka kori naman, Lamont."

Tana da dalilinta. A wani ƙaramin gari na jihar Wisconsin ta tashi, ita kaɗai ce baƙar fata a makarantarsu. Ta ce duk ranar da malami ya zo kan darasin cinikin bayi, aji gaba ɗaya yake juyowa ya kalle ta, kamar ita ta zo da labarin daga gida. Ta ce har ta gama sakandare ba ta yi mako guda ba tare da hannun wani ya shiga gashinta ba. Ta rantse 'ya'yanta ba za su tashi haka ba.

Aikin Baba a zaman nan shi ne gyaɗa kai. In ya hango ɗan'uwa baƙar fata sai ya ɗan sauke haɓa, wancan ma ya sauke, daga nan Baba ya karanta unguwar. A wata unguwa mun haɗu da wani mutum da ya gyaɗa mana kai har hularsa ta faɗi, ya biyo motarmu yana ɗaga hannu.

"Ja mota," in ji Mama. "Wannan gaisuwar mai neman ceto ce. Bawan Allah shi kaɗai ne."

Inda kuma muka ga biyar cikin minti goma, Baba ne ya ƙi, don makarantar unguwar yara arba'in ne a aji guda. Haka muka yi ta zagaye gefen birnin Columbus, unguwa tara, duk a banza.

Ni ce Corinne, shekarata goma sha huɗu. Ba ni da yawan magana. In aka buga waya ba na ɗauka, in malama ta kira sunana a aji sai in sunkuyar da kai. A lokacin muna zaune a hawa na uku, ɗaki biyu da falo, Mama kuma tana da ciki wata bakwai. An riga an gaya mini cewa in jariri ya zo, gadonsa a ɗakina za a sa, littattafaina kuwa su koma kwali. Littafi ɗari biyu da goma sha ɗaya. Na san ba kowa ne zai ga wannan a matsayin bala'i ba, amma ni na gani.

Wata Laraba Baba ya ɗauke ni daga makaranta muka leƙa wani gida a Titin Alder, lamba goma sha biyu. Dillaliyar, wata baturiya mai suna Tricia, tana ta nuna wa Baba famfo da tukunyar ɗumama gida, ni kuma na bi wata siririyar matakala na hau sama. A can ƙarƙashin rufi na tarar da ɗaki. Silin ɗinsa a karkace, bango biyu duk kantoci ne na katako, ga taga mai faɗi da wurin zama a jikinta. Na zauna. Daga nan na hango rufin laburaren unguwar, tafiyar minti shida. Ban taɓa son wani abu da ba a buga a takarda ba kamar yadda na so ɗakin nan.

Baba ma gidan ya kwanta masa. Ya ce ranar Asabar za mu kawo Mama ta yi zamanta.

Washegari na duba alƙaluman ƙidaya na yankin, domin ni haka nake, sai na nemo abin da zai tayar mini da hankali. Cikin mutum ɗari, uku ne baƙar fata. Ko kwana Mama za ta yi a mota ba za ta ga biyar ba.

Da yammacin Juma'a ina zaune a shagon Gwaggo Vernetta tana mini kitso. Yayar Baba ce, shagon gyaran gashinta yana can kudancin gari, kuma ita ce mutum ɗaya da nake iya yi wa magana sosai, wataƙila don tana bayana ne ba na ganin idonta. Ban yi niyyar komai ba. Kuka kawai na kai mata.

"Tsaya," ta ce, ta ja mini gashi. "Mutum nawa uwar taki take so?"

"Biyar."

"Biyar kacal? Yarinya, ni da nake sallamar mutum ashirin a rana?"

"Gwaggo, ba haka nake nufi ba…"

"Riƙe kanki. Loretta! Gobe da safe me kike yi?"

Wata ƙatuwar mata ta leƙo daga ƙarƙashin na'urar busar da gashi. Loretta Gaskins ke nan, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Iyayena ba su san ta ba, ba su kuma san sauran da Gwaggo ta zaɓa ba: Pearline Oates da mijinta, da wasu 'yan mata biyu masu waƙa a cocin su Gwaggo. Sharaɗin da suka kafa ɗaya ne. Gwaggo ta buɗe shago da sassafe ta gyara wa kowace kanta kyauta kafin su tafi.

"Ba zan je unguwar turawa kai a hargitse ba," in ji Loretta. "Ina da mutunci."

Na ce a bari, na ce tsoro nake ji, na ce in Mama ta gane na mutu. Gwaggo ta ce, "Ke dai ki zauna a bayan mota ki yi fuskar nan taki ta marar lafiya. Ai kin iya."

Ranar Asabar ƙarfe goma muka tsaya daura da lamba goma sha biyu. Tricia tana ciki, ta buɗe gidan don masu son dubawa, ta ɗaura balan-balan a jikin allon sayarwa. Mama ta kwantar da kujera, ta ɗora hannu a cikinta, ta duba agogo. Ni kuma na buɗe littafi a cinya, na karanta layi ɗaya sau goma sha.

Minti goma na farko turawa ne kawai da karnukansu. Wani Ba'indiye ya fito ya ɗauki jarida. Wasu yara 'yan Asiya biyu suka wuce a keke.

Sai ga Pearline da mijinta sun karyo kwana, tana tura keken jarirai an lulluɓe shi da bargo shuɗi. Mijin ya sanyo silifas, kamar yadda na gaya wa Gwaggo. Da suka zo daidai motarmu ya kalli Baba ya sauke haɓa, kaɗan, ba ɗoki, kamar wanda ya gaji da gaida baƙar fata tun safe.

"Kin gani?" Baba ya daki sitiyari. "Kin ga gaisuwar ƙoshi? Biyu ke nan. Uku ma, da jariri."

"Ban ga jariri ba," in ji Mama. "Bargo na gani."

Bayan minti biyar 'yan matan coci suka ɓullo ta ɗaya gefen, kowace da kofin kofi a hannu, suna dariya da ƙarfi fiye da yadda ake dariya da safe. Baba ya ce huɗu. Ya juyo ya kashe mini ido. Na mayar da idona kan littafi.

Ta biyar ita ce Loretta. Gwaggo ta ba ta aikin gudun motsa jiki. Ta sha kayan wasanni ruwan hoda sababbi fil, har da alamar ninki a jikinsu. Sai dai a kanta akwai gashin da Gwaggo ta miƙar da ƙarfe mai zafi awa biyu da suka wuce, yana sheƙi yana lilo har kafaɗa, kuma duk wadda ta san wahalar gashin nan ta san ɗigon gumi ɗaya ya isa ya mayar da shi gidan jiya. Don haka ƙafafunta ne kawai suke gudu. Daga wuya zuwa sama a sandare take, kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Tana yi tana fifita goshinta da hannu.

"Biyar!" in ji Baba. "Cikin minti ashirin da biyu! Charisse, ɗauko biro mu sa hannu."

Mama ta miƙe zaune, ta sauke gilashin mota, ta bi Loretta da kallo.

"Lamont, tunda uwarka ta haife ka, ka taɓa ganin mace ta fito gudu da sabon gyaran kai?"

"Wataƙila biki za ta daga baya."

"Hmm," in ji Mama.

Ban san inda wannan "hmm" zai kai mu ba, domin a daidai lokacin ƙofar gida mai lamba goma sha ɗaya ta buɗe da ƙarfi. Wata tsohuwa baƙar fata ta fito, 'yar ƙarama, kai a ɗaure, da rigar zaman gida da sanda. Ba ta cikin lissafin Gwaggo. Ta sauko daga baranda da saurin da bai dace da mai sanda ba, tana ɗaga hannu sama.

"Ya Yesu! Ku tsaya! Ke mai hoda, tsaya! Ku masu keke, ku dawo nan! Yaushe kuka tare ban sani ba?"

Cikin minti ɗaya ta tattaro su biyar ɗin a kan ciyawar ƙofar gidanta, taku goma daga motarmu, muna jin komai. Ta ce sunanta Eulalie Tibbs, shekararta talatin da ɗaya a titin nan. Ta rungume 'yan matan coci har kofi ya zube. Idonta ya kawo ruwa.

"'Yata, wane gida kike?" ta tambayi Loretta.

"Eh… lamba goma sha takwas, Iya."

"Sha takwas? Gidan Dakta Menon ke nan. Jiya matarsa ta kawo mini miya. Ko kishin lafiyarsa ya sa ya ɗauko ma'aikaciya?"

"Af, na ce sha takwas? Ashirin da takwas."

"Na su Tran."

"Iya, gudun nan ne ya juya mini kai."

Tsohuwa ta juya ga 'yan matan. Ɗayarsu ta yi wuf ta ce, "Mu can ƙarshe muke, lamba arba'in."

"Titin nan a talatin da biyu ya ƙare, 'yan nan. Bayan nan sai rafi. Ko a ruwa kuke kwana?"

Murnar fuskarta ta fara komawa wani abu dabam. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Mijin Pearline yana kallon silifas ɗinsa. Sai ta matsa ga keken jarirai.

"To bari in ga jikana."

"Barci yake, Iya!" in ji Pearline.

"Ni na reni yara, ba zan tashe shi ba."

Ta ɗaga bargo. A ciki, a kan ɗan matashi, kan roba ne irin wanda Gwaggo take koya wa ɗalibai kitso a kai, rabi a kitse rabi a tsefe, idanu a buɗe yana kallon sama.

Iya Eulalie ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Da ubansa yake kama."

Baba ya kifa kai a sitiyari, kafaɗunsa suna rawa, har ya danna ham bai sani ba. Mama ta buɗe ƙofa ta fita, da ƙyar saboda ciki, ta taka har wurinsu. Ta yi wa tsohuwar gaisuwa ta ladabi. Daga nan ta tsaya gaban Loretta, ta kama haɓarta a hankali ta juya fuskarta gefe. Ta yi wa Pearline haka, ta yi wa 'yan matan. Dukkansu huɗu, a gefen goshi na hagu, an kwantar musu da gashi an lanƙwasa shi kamar ƙugiya.

"Shekara goma sha shida ina zama a kujerar matar nan," in ji Mama. "Ko a duhu na san hannunta." Ta ɗaga murya. "Vernetta! Na san kina kusa. Fito."

Daga bayan wata motar ɗaukar kaya da ke kwana, Gwaggo ta fito da baƙin tabarau, tana tafiya kamar wucewa kawai take yi.

"A'a! Charisse! Ku ma nan kuka zo?"

"Yaya, ki ji tsoron Allah," in ji Baba, yana share hawaye.

"Wa ya gaya miki biyar?" in ji Mama. "Wa ya gaya miki silifas?"

Gwaggo, Allah ya saka mata, ta buɗe baki za ta ɗauki laifin. Amma ni na riga na fito daga mota, littafin a ƙirjina kamar garkuwa. Na ce ni ce. Muryata ba ta fita ba sai da na maimaita.

Na zaci ihu za ta yi. Da ta yi ihun ma da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ta yi, irin kallon wanda ya ajiye kaza ya dawo ya tarar tana tuƙa mota.

"Ku hau baranda dukanku," in ji Iya Eulalie. "Kun fito da ni ba shiri, kun sa ni kuka a gaban maƙwabta. Sai kun sha shayina kafin ku tafi. Ku taho da jaririn, rana za ta narkar da shi."

Ta kawo shayi mai ƙanƙara da kek na lemon tsami. Loretta ta ce fitsari ya matse ta tun kwanar titi ta biyu, tsohuwa ta ce banɗakinta ana gyara, ta tsallaka zuwa gidan da ake sayarwa ai a buɗe yake. Loretta ta tsallaka. Ba wanda ya kula cewa ta kai rabin awa ba ta dawo ba.

Mama ta zauna kusa da tsohuwar a kujerar lilo. Ni ina kan matakala, na juya musu baya, amma kunnena yana wurinsu.

"Iya, kin reni yara a nan?"

"Ɗaya. Wendell. Ni da marigayi Roscoe muka kawo shi yana ɗan shekara biyar. A lokacin babu su Tran, babu su Menon, babu su Barrios na lamba bakwai. Mu kaɗai, sai fari fat har rafi."

"Yaya ya kasance?"

"Likitan haƙori ne yanzu, makarantar nan ce ta ba shi. Yana Atlanta. Ya ce ba zai ƙara zama inda in ya shiga shago kowa zai san sunansa shi bai san na kowa ba. Yana zuwa Kirsimeti ya kwana biyu ya koma. Ki auna da kanki."

"Da za a dawo baya, za ki sake?"

"Ni kaɗai? A'a." Ta kurɓi shayi. "Amma bari in gaya miki, 'yata. Ba ke kika fara ajiye mota a wurin nan ba. Shekara da shekaru ina leƙe ta labule ina ganinku, miji da mata a gaba, yara a baya, ku yi awa ɗaya ku tafi. Wata rana har na canja riga in fito, kafin in sauko an ja mota. Kowa yana so ya zo ya tarar da biyar. Ba mai son ya zama na biyu."

Mama ta ce, "Corinne, juyo nan. Kin san abin da kike nema? Ki shiga aji ki duba hagu ki duba dama ki ga ke kaɗai ce?"

Ban shirya amsa ba, shi ya sa gaskiya ta fito. Na ce, "Mama, a makarantarmu ta yanzu kusan kowa baƙar fata ne, kuma ni kaɗai nake cin abincin rana."

Har Gwaggo ta daina tauna kek. Mama ta ce, "Ba iri ɗaya ba ne." Na ce na sani. Ta ce, "Ba ki sani ba." Sannan ta miƙo hannu ta gyara mini jelar kitso ɗaya da ta leƙo, ta bar hannun a wuyana na ɗan lokaci.

A hanyar gida ta ce a ba ta mako guda ta yi tunani, kada wanda ya ƙara ambata mata Titin Alder. Ta kuma hana ni zuwa laburare na makon, wanda a wurina daidai yake da kurkuku.

Ran Alhamis da yamma ta ce wa Baba, "Kira Tricia." Na tsaya a bakin ƙofar kicin ina saurare. Baba ya kira, ya yi gaisuwa, ya saurara. Fuskarsa ta canja.

"An saya? Yaushe? … Litinin? … Wa?" Ya saurara kuma. Ya ajiye wayar a hankali kamar za ta fashe. "Wata Loretta Gaskins. Wai ta shiga neman banɗaki ta ga kicin ɗin, ta ce nan za ta mutu."

Mama ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba. Ta riƙe ciki, ta riƙe tebur, ta ce a kawo mata ruwa kada ta haihu a tsaye. Ni kuwa na shige ɗaki na kifa fuska a matashi. Da hannuna na ɗebo ruwan dafa kaina, na kuma hura wutar.

Gwaggo ta yi fushi da Loretta har ta yi mako biyu ba ta taɓa mata kai ba. Loretta ta aiko cewa ai ita an ce ta yi kamar 'yar unguwa ce, kuma ita ba ta iya yin abu rabi da rabi ba.

An haifi ƙanwata Simone a watan Yuni, gadonta ya shigo ɗakina, littattafaina suka shiga kwali. Ba zan ce komai a kan watannin nan ba.

A watan Agusta waya ta yi ƙara, Mama ta ɗauka ta sa a lasifika don tana shayarwa. Iya Eulalie ce.

"'Yata, masu lamba tara za su koma Arizona. Ba su kafa allo ba tukuna, ni na ga ana auna labule. Yanzu mu biyu ne da Loretta, tana nan tana cika mini kunne. Za ki zama ta uku ko in nemi wata?"

"Iya, uku ba biyar ba ne."

"Ku huɗu ne a gidanku, ƙirga da kyau. Kuma in kika zo kika zauna mini a mota, da sandar nan zan fasa gilashin."

Lamba tara ba shi da ɗakin sama. Ɗakina yana ƙasa, kusa da injin wanki, tagarsa tana kallon katangar su Barrios. Amma nawa ne ni kaɗai, kuma Baba ya kafa mini kantoci, duk da ɗaya a karkace take. A ajinmu mu biyu ne baƙar fata, ni da wani yaro da ba ya magana shi ma. Wata yarinya ta tambaye ni ko kitsona na gaske ne, ta miƙo hannu, na ce kada ki taɓa, da muryar da ban san ina da ita ba. Da na gaya wa Mama sai ta shiga banɗaki ta daɗe. Linh, 'yar su Tran, tana cin abincin rana tare da ni, ko dai in ce muna zama a tebur ɗaya kowa da littafinta.

Sai da muka yi wata guda da tarewa na iya tsallaka titi. Sau uku ina zuwa bakin ƙofar lamba goma sha biyu ina komawa. A na huɗu ƙofar ta buɗe kafin in gudu.

"Ke, uwar makirci," in ji Loretta. "Kin tattake mini ciyawa da zirga-zirga. Me kike so?"

Na ce ɗakin sama nake so in gani, sau ɗaya kawai.

Ta kai ni. Kantocin nan duka, daga ƙasa har sama, hulunan zuwa coci ne, masu gashin tsuntsu, masu fure, wata kamar jirgin ruwa. Na tsaya ina kallonsu.

"Vernetta ta gaya mini," ta ce. "Ba zan kwashe hulunana ba, kada ma ki fara. Amma wurin zaman tagar nan ba ya ɗaukata. Ki riƙa zuwa bayan makaranta ki yi karatunki."

"Da gaske?"

"Da sharaɗi. Idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu. In za ki karanta a gidana, da ƙarfi za ki karanta, ina ji."

"Anti Loretta, ni ba na iya karatu a gaban mutane."

"To ga ƙofa."

Yanzu duk Talata da Alhamis ina can. Tana zama a kujerar da ta sa aka hau mata da ita, ta miƙe ƙafa a kan kwalin hula. A shafi na farko muryata rawa take yi, tana ce mini, "Buɗe baki, ba addu'a kike ba." A na biyu takan tsayar da ni ta zagi wani a cikin labarin. Kafin in kai na huɗu ta fara minshari. Daga nan sai in yi shiru, in naɗe ƙafafuna a jikin taga, in ci gaba a zuci, ina juya shafi a hankali don kada ta farka.